Funmilayo Ransome-Kuti: Zakanyar Lisabi da ta tsaya wa matan kasuwa

Idan ana lissafin waɗanda suka yi fafutukar neman 'yancin kan Nijeriya, sunayen maza ne suka fi saurin zuwa bakin jama'a. Sai dai shekara 11 kafin a sauke tutar Ingila, wata malamar makaranta a Abeokuta ta jagoranci dubban matan kasuwa har aka soke harajin da aka ɗora wa mata, aka ba su kujeru a majalisar ƙasarsu, Sarkin Egba kuma ya bar gadon sarauta na wani lokaci. Wannan malama ita ce Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta rayu daga 1900 zuwa 1978.

A yau mutane da yawa ba su san ta ba sai a matsayin mahaifiyar mawaƙi Fela. Wannan kansa yana daga cikin abubuwan da ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da su, wato a riƙa auna darajar mace da sunan mijinta ko na ɗanta. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yi ta cin karo da ita tun tana matashiya har ranar da ta kwanta dama: a ci zarafin mace, sannan a juyo a nemi laifinta. Funmilayo ba ta taɓa yarda a tsaya kan tambayar abin da macen ta yi ba. Kullum takan mai da tambayar kan wanda ke riƙe da iko, ta nemi ya yi bayanin abin da ya aikata da shi.

Asali da ƙuruciya

An haife ta ranar 25 ga Oktoba, 1900, a Abeokuta, babban birnin jihar Ogun ta yanzu, aka raɗa mata suna Frances Abigail Olufunmilayo Thomas. Mahaifinta, Daniel Olumeyuwa Thomas, manomi ne mai fataucin manja. Mahaifiyarta, Lucretia Phyllis Omoyeni Adeosolu, ɗinki take yi. Zuriyar mahaifinta na daga cikin Yarabawan da aka kama bayi, aka 'yanta su a Saliyo, daga baya suka komo gida. Kakar mahaifinta, Sarah Taiwo, na cikin waɗanda suka yi wannan doguwar tafiya suka dawo ƙasar Egba. Irin waɗannan gidaje sun riga saura rungumar karatun boko, kuma iyayen Funmilayo ba su bambanta ɗa da ɗiya a wannan fage ba.

Bayan ta gama firamare, a 1914 ta shiga makarantar sakandare ta Abeokuta Grammar School, cikin rukunin 'yan mata na farko da makarantar ta karɓa bayan ta shafe shekaru tana ɗaukar maza kawai. A 1919 aka tura ta Ingila, inda ta yi kimanin shekara uku a wata makarantar 'yan mata da ke yankin Cheshire, tana koyon kiɗa da Faransanci da ɗinki da iya jawabi da tattalin gida. Irin karatun da ake ba 'yan mata ke nan a wancan zamani, domin a shirya su zama matan manya masu iya karɓar baƙi. A can ne ta ajiye sunayenta na Turanci, ta zaɓi a riƙa kiranta Funmilayo kawai.

Da ta dawo gida ta kama aikin koyarwa. Ranar 20 ga Janairu, 1925, ta auri Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, malamin makaranta kuma limamin cocin Angilika, wanda a 1931 ya zama shugaban farko na Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya. Sun fara zama a Ijebu-Ode, inda ta buɗe ajin yara ƙanana da ake lissafa shi cikin na farko-farko a ƙasar nan. A 1932 aka naɗa mijinta shugaban makarantar da ita kanta ta yi karatu a cikinta, suka koma Abeokuta. Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu: Dolupo, Olikoye, Fela da Beko. Ana yawan ambatonta a matsayin macen farko da ta tuƙa mota a Nijeriya, abin da a lokacin ake gani aikin maza ne zalla.

Daga aji zuwa kasuwa

A shekarar da suka koma Abeokuta ta taimaka aka kafa wata ƙungiya ta matan da suka yi boko. Aikinsu bai wuce ɗinki da girki da ayyukan jinƙai da koyar da ladubban zaman jama'a ba. Yawancinsu Kiristoci ne matan ma'aikata, kuma tsakaninsu da matan kasuwa akwai tazara mai faɗi ta harshe da sutura da hali.

Sauyi ya fara ne lokacin da wata ƙawarta da ba ta yi karatu ba ta roƙe ta ta koya mata karatu. Daga nan ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, kuma zuwa 1944 matan kasuwa sun fara cika su. Sun zo koyon baƙi da wasali, amma sun zo da labaransu. Yaƙin Duniya na Biyu na ci, gwamnatin mulkin mallaka ta ƙayyade farashin abinci, ta kuma ɗora wa kowane yanki adadin da zai kawo. 'Yan dokan En'e sukan tare mata a hanya su ƙwace musu shinkafa, wani lokaci a biya su abin da bai kai kuɗin sari ba, wani lokaci a hana su gaba ɗaya. Manyan 'yan kasuwa kuma sukan tilasta wa mace ta haɗa da kayan da ba sa tafiya kafin a sayar mata da wanda take buƙata. Idan ta yi ƙorafi, sai a ce ita ce mai ɓoye kaya, ita ce mai karya doka.

Funmilayo da abokan aikinta suka kai koke ga hukuma, suka kuma kira 'yan jarida. Ba a daɗe da buga labarin ba aka daina ƙwace shinkafar. Wannan ƙaramar nasara ta nuna wa ɓangarorin biyu amfanin juna: masu boko sun iya rubuta takardar koke da karanta doka, matan kasuwa kuma suna da yawa, suna da tsari, su ne kuma ke ciyar da gari. Funmilayo ta daina sa tufafin Turawa, ta koma sutura irin ta matan Yarabawa. Ta kuma riƙa yin jawabi da Yarabanci ko a gaban jami'an Ingila, duk da cewa ta iya harshensu sarai, har sai sun nemi tafinta.

A 1946 aka sauya wa ƙungiyar suna ta koma Ƙungiyar Matan Abeokuta, aka buɗe ƙofarta ga kowace mace, Musulma ko Kirista ko mai bin addinin gargajiya, mai ilimi ko marar shi. Funmilayo ce shugaba, kuma cikin na hannun damanta akwai Grace Eniola Soyinka, mahaifiyar marubuci Wole Soyinka. An ƙiyasta cewa membobin da ke biyan kuɗin ƙungiya sun kai 20,000, ban da dubban magoya baya a ƙauyukan ƙasar Egba.

Harajin da ya keta mutuncin mata

Kafin zuwan Turawa, matan Egba suna da murya a harkar gari. Akwai sarautar Iyalode, wadda ke wakiltar mata a gaban sarki da majalisarsa, kuma shahararriyar 'yar kasuwa Efunroye Tinubu ta riƙe ta a ƙarni na 19. Kasuwanni a hannun mata suke, haka ma sana'ar rinin adire da Abeokuta ta yi suna da ita. A 1914 Turawa suka rushe gwamnatin Egba mai cin gashin kanta, sannan suka tattara iko a hannun Alake, wato Sarkin Egba, shi kaɗai, a ƙarƙashin Razdan da Di'o. A sabon tsarin ba a tanadar wa mata kujera ko ɗaya ba.

Amma an tuna da su wajen haraji. A 1918 aka ɗora haraji kai tsaye a ƙasar Egba, sule biyar ga namiji, sule biyu da sisi ga mace, abin da ya haddasa tawayen Adubi a wannan shekara. A mafi yawan sassan Nijeriya ba a karɓar irin wannan haraji daga mace daban da mijinta, amma a Abeokuta ana karɓa, ko tana da sana'a ko ba ta da ita. Yarinya kan fara biya tun tana shekara 15, kafin takwaranta namiji ya kai lokacin biya. Da yake babu takardun haihuwa, masu karɓar haraji sukan tuɓe 'yan mata da sunan duba ko sun balaga. Wadda ta kasa biya kuwa, a bi ta har gida, a yi mata duka, a kwashe mata kaya, a kai ta kotu, a ɗaure ta. A idon doka ita ce mai laifi, wanda ya tuɓe ta kuma ma'aikaci ne da ke bakin aikinsa.

Sarkin da ke kan gado shi ne Ladapo Ademola na Biyu, wanda ya hau a 1920. Matan suka rubuta masa koke bayan koke. Maimakon a rage, a 1946 sai aka ƙara harajin. A watan Oktoba na shekarar Funmilayo ta jagoranci mata kimanin 1,000 zuwa fada, 'yan sanda suka tarwatsa su da barkonon tsohuwa da kulake.

Abin da ƙungiyar ta yi bayan haka shi ne ya bambanta ta da sauran tarzomar haraji. Ta ɗauki akanta ya binciki yadda En'e ke kashe kuɗin jama'a, ta kuma tattara sakamakon a rubuce. Da wannan takarda a hannu, matan suka gabatar da buƙatunsu: a soke harajin bai-ɗaya da ke kan mata, a karɓi haraji mai ma'ana daga kamfanonin ƙasashen waje, a kashe kuɗin kan makarantu da asibitoci da tsabtar gari, a kawo ƙarshen mulkin mutum ɗaya, a kuma ba mata wakilci. Hujjarsu a fili take: wanda ba shi da bakin magana kan yadda ake kashe kuɗi, ba a da hurumin tatsar sa. Funmilayo da kanta ta ƙi biyan haraji a 1947, aka gurfanar da ita, mata suka cika harabar kotu maƙil.

Tafiya Landan

A wannan shekara ta 1947 jam'iyyar NCNC ta tura tawagar mutum bakwai zuwa Landan domin nuna rashin amincewa da tsarin mulkin Richards. Dakta Nnamdi Azikiwe ne jagora, Zanna Bukar Dipcharima na Borno na cikinta, kuma Funmilayo ce kaɗai mace. Ta yi amfani da damar ta gana da ƙungiyoyin mata da na ƙwadago, ta kuma rubuta maƙala a jaridar Daily Worker.

Maƙalar ta yi bayanin cewa mulkin mallaka ya rage wa matan Nijeriya matsayi a siyasa da tattalin arziki, ya bar mafi yawansu cikin talauci da jahilci da cuta, alhali su ne ke noma da sarrafa abinci da kasuwanci. Ba ta kuma sassauta wa mazan gida ba game da yadda wasu ke mai da matansu tamkar bayi. Wannan ya ɓata wa wasu rai a Nijeriya, aka zarge ta da tona asirin ƙasa a gaban baƙi, aka kuma samu waɗanda suka fito suka ƙaryata ta. Matan da ta yi magana a kansu kuwa tarbar girma suka yi mata da ta dawo. A wannan zamani ne jaridu suka laƙaba mata Zakanyar Lisabi, suna danganta ta da Lisabi, gwarzon da ya 'yanta Egbawa daga mulkin Oyo a ƙarni na 18.

Zaman dirshan a ƙofar fada

Hukuma ta hana ƙungiyar takardar izinin zanga-zanga. Sai matan suka riƙa sanar da cewa biki za su yi ko shan iska. A gidan Funmilayo ake koya musu yadda za su rufe fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle idan an harba barkonon tsohuwa, da yadda za su ɗauki gwangwanin su mayar wa masu shi.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1947, aka rufe kasuwanni, mata fiye da 10,000 suka yi wa fadar Alake ƙawanya, suka kwana a nan har washegari suna waƙoƙin zambo. Aka yi musu alkawarin duba batun harajin, suka watse, sai ga shi an ci gaba da kama waɗanda ba su biya ba. Ranar 8 ga Disamba suka dawo, suka yi kwana biyu, ba su tashi ba sai da aka saki matan da ke tsare.

Fada da hukumar Turawa suka mai da martani da irin kalaman da aka saba jifan mata da su idan sun ɗaga murya. Aka ce ba su da kunya, aka ce sun bar gidajen mazajensu, aka ce mace ɗaya ce ke zuga su domin neman suna. Sarkin da kansa ya kwatanta su da macizan da ba sa horuwa, aka kuma hana Funmilayo shiga fada. Batun 'yan matan da aka tuɓe da kuɗin da ba a ga inda suka shiga ba ya koma gefe, aka tsaya kan ladabin masu kuka. Matan ba su biye wa wannan ba. Suka ci gaba da aika koke, suna buga wasiƙu a jaridu, suna komawa titi, har cikin 1948.

Sannu a hankali maza suka fara mara musu baya, wasu daga cikin manyan masu sarautar Ogboni ma suka juya wa Sarkin baya. A tsakiyar 1948 Ademola ya bar gari ya koma Osogbo, kuma ranar 3 ga Janairu, 1949, ya sauka daga sarauta. Aka soke harajin bai-ɗaya na mata, aka rushe tsarin mulkin mutum ɗaya, aka kafa majalisar riƙon ƙwarya mai mata huɗu, ciki har da Funmilayo. Nasarar ba ta ɗore yadda suka so ba, domin a 1950 an mai da Ademola kan gadonsa, ya kuma zauna har rasuwarsa a 1962. Funmilayo ba ta amince da dawowar tasa ba. Duk da haka, ikon da ya dawo ya tarar bai kai wanda ya bari ba.

Neman ƙuri'a ga kowace mace

Bayan Abeokuta ta faɗaɗa aikin zuwa ƙasa baki ɗaya. A 1949 aka kafa Ƙungiyar Matan Nijeriya, ta yi ta yawo tana buɗe rassa, tana aiki tare da Margaret Ekpo ta Aba. A 1953 ta kira babban taro a Abeokuta wanda wakilai kimanin 400 suka halarta, aka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Matan Nijeriya. Babbar buƙatar taron ita ce a ba kowace baliga 'yancin zaɓe, a kuma ba mata wakilci a majalisu.

Siyasar jam'iyya ta zo mata da nata darasin. A 1951 ta nemi kujerar majalisar Jihar Yamma a ƙarƙashin NCNC ba ta samu ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙa'idar da ta ce sai mai biyan haraji zai yi zaɓe. Matan da suka yi nasarar kau da harajin zalunci sai suka wayi gari an yi amfani da wannan nasarar an hana su ƙuri'a. An dai naɗa ta cikin Majalisar Sarakunan Jihar Yamma a farkon shekarun 1950, cikin mata ƙalilan da suka taɓa samun irin wannan matsayi.

Matan Jihar Gabas sun samu ƙuri'a a 1954, kuma zuwa zaɓen tarayya na 1959 dukan matan Kudu sun samu. An bar matan Arewa a baya. Funmilayo ba ta ɗauki wannan a matsayin matsalar wasu ba, ta ci gaba da matsa lamba kan cewa 'yancin kai bai cika ba muddin miliyoyin mata ba su da ƙuri'a. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar NEPU, ta yi tattaki har Abeokuta domin ganawa da ita. Abin da ya haɗa su ya wuce batun zaɓe, domin Gambo ta sha ɗauri da duka da ɓata suna saboda ta hau mumbarin siyasa tana mace. Sai a 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar musu da 'yancin, shekara guda bayan rasuwar Funmilayo.

Abin da tsayuwarta ta jawo mata

Mijinta, wanda ya kasance babban madogararta, ya rasu ranar 6 ga Afrilu, 1955, bayan fama da ciwon daji. Ta ci gaba da aiki ita kaɗai, tana zuba kuɗinta da lokacinta wajen buɗe makarantu a Abeokuta.

A 1953 an zaɓe ta mataimakiyar shugabar wata ƙungiyar mata ta duniya mai alaƙa da ƙasashen gurguzu, kuma a 1956 ta ziyarci ƙasar Sin. Lokacin yaƙin cacar baka ne tsakanin Gabas da Yamma, don haka hukuma ta sa mata ido. A 1957 aka ƙi sabunta mata fasfo bisa zargin za ta cusa wa mata aƙidar kwaminisanci, a 1958 kuma Amurka ta hana ta biza. Ita dai ta sha bayyana cewa ba 'yar kwaminisanci ba ce, tana hulɗa ne da duk wanda zai taimaki matan ƙasarta.

A zaɓen 1959 jam'iyyar da ta yi wa hidima tun farkon kafuwarta ta hana ta tikiti, ta ba namiji. Ta tsaya takara da ƙashin kanta, ƙuri'u suka rabu, jam'iyyar Action Group ta lashe kujerar. NCNC ta ɗora mata alhakin faɗuwar ta kore ta. Ta kafa tata jam'iyyar ta talakawa, wadda ba ta yi nisa ba. Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da tsauri da rashin son sassauci, halin da ya sa ta yi hannun riga da wasu abokan tafiya, maza da mata. Sai dai an yaba wa 'yan siyasa maza da yawa na zamaninta saboda wannan hali da aka ga baiƙenta a kansa.

Karramawa ta biyo baya. A 1965 aka ba ta lambar girma ta ƙasa ta MON, a 1968 Jami'ar Ibadan ta ba ta digirin girmamawa na dakta a fannin shari'a, a 1970 kuma Tarayyar Sobiyet ta ba ta lambar zaman lafiya ta Lenin.

Ranar 18 ga Fabrairu, 1977

A shekarunta na ƙarshe takan zauna tare da Fela a gidansa na Legas da ya raɗa wa suna Jamhuriyar Kalakuta. Ta ma bi sahunsa ta sauya sunan iyali zuwa Anikulapo-Kuti. Waƙoƙin Fela na sukar sojoji sun riga sun haɗa shi da gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo.

Kwanaki kaɗan bayan kammala bikin FESTAC, ranar 18 ga Fabrairu, 1977, wata taƙaddama tsakanin sojoji da yaran Fela ta rikiɗe. Sojoji kimanin 1,000 suka kewaye gidan, suka kutsa ciki, suka lakaɗa wa mazauna duka, suka banka masa wuta. Fela da ƙaninsa Dakta Beko sun ji munanan raunuka. Mata da dama daga cikin mawaƙa da masu rawa sun ba da shaidar an yi musu tsirara, an yi wa wasu fyaɗe. Funmilayo, tana da shekara 76, aka jefo ta ta taga daga saman bene.

Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya kammala da cewa wani sojan da ba a san ko wane ne ba ya cinna wutar. Ba a hukunta kowa ba. Gwamnati ta karɓe filin gidan, kotu kuma ta yi watsi da ƙarar neman diyyar naira miliyan 25 da iyalin suka shigar. Matan da aka ci wa zarafi suka sha tsegumi, ana kiransu da sunayen banza, ana tambayar abin da ya kai su zama a irin wannan gida tun farko. Tambayar da Funmilayo ta ƙi amincewa da ita a kan 'yan matan Abeokuta shekara 30 kafin nan ita ce aka sake yi a kan matan gidan ɗanta, tana kwance tana jinya.

Ba ta ƙara samun lafiya ba. Ta rasu a Legas ranar 13 ga Afrilu, 1978, tana da shekara 77. Aka binne ta a Abeokuta kusa da mijinta. Matan kasuwa suka rufe rumfunansu, dubban jama'a suka raka ta makwancinta. A 1979 Fela ya kai akwatin gawa ƙofar Barikin Dodan, fadar gwamnatin soja ta lokacin, domin nuna inda yake ganin alhakin mutuwarta yake.

Abin da ta bari

'Ya'yanta sun ɗauki wani abu na halinta. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya kuma yi fice wajen kafa tsarin kiwon lafiya a matakin farko. Dakta Beko ya zama jigo a fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam, ya sha ɗauri a zamanin mulkin soja. Shi ne ya sake ɗaga batun harin Kalakuta a gaban kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa a 2001, kwamitin da gwamnati ba ta fitar da rahotonsa a hukumance ba.

A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya ba da shawarar buga takardar naira 5,000 mai ɗauke da hotunan Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo da Gambo Sawaba, ɗaya daga kowane tsohon yanki na ƙasar. An jingine shirin kafin a buga ta. A 2024 aka fitar da fim kan rayuwarta, wanda Bolanle Austen-Peters ta shirya, ya sa matasa da yawa suka fara jin labarin matan Abeokuta.

Wasu daga cikin buƙatunta sun zama doka. Babu macen da ake hana ƙuri'a a Nijeriya a yau, kuma a 2015 aka kafa dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta kuma tanadi kariya ga wanda aka zalunta. Wasu buƙatun kuwa suna nan inda ta bar su. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi haƙƙin mata, ciki har da na ware musu ƙarin kujeru. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar a Abuja, kamar yadda kakanninsu suka yi a ƙofar fadar Alake a 1947. Har zuwa yau kuma ba a bayyana sunan sojan da ya jefo Funmilayo daga bene ba.